Fentin ƙaramar tankar roba a yanayin Kano, da yadda ake tsufar da ita

«Assalamu alaikum Malam. Yayana ya zo mini da kwalaye biyu na tankar yaƙi ta roba wadda ake haɗawa, T-55 mai ma'aunin 1/35. Na haɗa ɗaya lafiya lau, amma fenti ya kayar da ni. Na fesa mata koren gwangwani da na saya a kasuwa, da rana a tsakar gida, sai jikinta ya fito da kaushi. Da na zo sa mata datti irin wanda nake gani a bidiyo, na tsinka baƙin fenti da tina, sai koren ya narke, hannun taya ɗaya ma ya karye. Na ƙara tsatsa da taɓo don in rufe ɓarnar, yanzu duk wanda ya gani sai ya ce a kwata na tsinto ta. Kwali na biyu yana nan ban taɓa ba, tsoro nake ji. Sai na sayi bindigar feshi ne? Ko fentin ne ba ya son zafin Kano?»

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayar nan, domin mu masu wannan sana'ar hannu a garin nan ba mu da yawa, kuma wanda ya haɗa tanka guda har ta tsaya da ƙafarta ya riga ya wuce inda mutane da dama ke ajiye kwali. In na fahimce ka, abubuwa uku ne suka same ka a kan tanka ɗaya: fenti ya bushe da kaushi, tina, wato sinadarin tsinka fenti, ta ci fentin da robar, sannan dattin da ka sa ya fi ƙarfin tankar. Kowanne da dalilinsa, kuma babu wanda sayen bindigar feshi, wato ƙaramin abin fesa fenti da iskar kwamfuresa, kaɗai zai magance. Na farko laifin lokacin da ka zaɓa ne, na biyu rashin sanin wane sinadari ke cin wane, na uku kuwa, wanda na fi so mu daɗe a kai, ya zo ne daga kwaikwayon ƙasar da ba tamu ba.

Kafin komai ka riƙe lissafi ɗaya a ka. Ma'aunin 1/35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa shi a tankoki, yana nufin milimita 1 a jikin robarka daidai yake da santimita 3.5 a jikin tankar gaske. Gangar jikin T-55 ta ɗan haura mita 6, taka kuwa ba ta wuce santimita 18 ba. To fentin da ya yi kauri kaɗan a idonka, a ma'auni ya binne noti da layin walda. Ɗigon tsatsa mai faɗin milimita 3 ya zama tabo mai sama da santimita 10. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan lissafin ya fito.

Kaushin da ka gani

Fentin feshi yana barin bakin gwangwani a matsayin ƙananan ɗigo masu ruwa a jiki, kuma dole su sauka a kan roba da sauran jiƙa don su haɗe su kwanta sumul. Da rana a bazara, Maris zuwa Mayu, zafin Kano yana kaiwa digiri 40, iska kuma a bushe take ƙamas. Sinadarin da ke riƙe da fentin yakan tashi tun a hanya, sai ɗigon ya iso a matsayin gari ya manne haka nan. Shi ne kaushin. In ka ƙara nisa tsakanin gwangwani da tankar don tsoron kada fenti ya zuba, ka ƙara masa lokacin bushewa a iska ne. Ita kanta robar in ta sha rana sai ta ƙarasa abin da iska ta fara.

Maganin ba tsada. Ni a bazara bayan sallar asuba nake feshi, kafin ƙarfe bakwai, a inuwa, lokacin da ƙasa ta huce. Ka girgiza gwangwanin minti biyu cur, ka tsaya da nisan santimita 20 zuwa 25, ka fara danna kan kafin ka iso jikin tankar, ka wuce ta, sannan ka saki. Zagayen farko ya zama ɗan hazo ne kawai, har ana hango launin robar ta ƙarƙashi. Ka jira minti goma sha biyar, ka ƙara. Sau uku marasa kauri sun fi sau ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba. Wannan hazon na farko yana da wani amfani kuma: yawancin gwangwanayen kasuwa don ƙarfe da katako aka yi su, sinadarinsu yana da zafi, in ya taru a jiƙe a kan wannan roba sai ya tattare fuskarta. Hazon farko yana bushewa kafin ya yi ɓarna, ya zama katanga ga na bayansa.

Hunturu matsalarsa daban. Ƙura tana yawo a iska ko ka rufe ƙofa, kuma busasshiyar iska tana sa roba ta riƙa jan ƙura da zare da kanta, musamman in ka goge ta da busasshen ƙyalle. Ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, ka kashe fanka, ka tanadi robar ajiye abinci babba, da ka gama feshi ka kife ta a kan tankar, ka ɗan tokare gefe ɗaya da murfin biro don iska ta samu hanya. Da damina kuma, musamman Agusta, laima ce abokiyar gaba: banish, wato ruwa mara launi da ake rufe fenti da shi, mara sheƙinsa in aka fesa shi ana hadari yakan bushe da fari-fari, ya dusashe duk aikin da ke ƙasa. A wannan lokacin ka jira rana ta ɗaga, iska ta bushe.

Kada ka taɓa shanya tankar a rana don ta yi saurin bushewa, kada kuma ka bar ta a cikin mota a rufe. Siraran sassa irin su madigadi da bututun bindiga suna lanƙwashewa, kuma ba sa komawa daidai.

Akwai abin da ba ka ambata ba, ina jin kuma ba ka yi ba: wanki da faraima, wato fentin shimfiɗa da ake fara sawa kafin launi. Roba tana fitowa daga kwali da ɗan maiƙo, ga na yatsunka da ya taru wajen haɗawa. Ka wanke ta da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori, ta kwana ta bushe, sannan ka fesa faraima mai ruwan toka. Shi ne ke riƙe fentin, shi ne kuma zai tona maka inda gam ya zuba ko inda sassa biyu ba su haɗu ba tun ana iya gyarawa da sanfefa mai laushi.

Wane ke cin wane

Fentin da ake amfani da su a wannan aiki gida uku ne. Akwai akirilik, wanda wani na ruwa ne zalla irin Vallejo na Sifen, wani kuma mai sifirit a ciki irin kwalaben Tamiya masu lamba X da XF, inda X ke da sheƙi, XF babu. Akwai na mai, wato enamel irin ƙananan gwangwanayen Humbrol na Ingila, tare da fentin mai na masu zane da ke zuwa a matse. Sai laka, wato lacquer a Turance, dangin fentin mota, wanda yawancin gwangwanayen feshi suke ciki ko kusa da shi. Laka ta fi kowa zafi, tana narkar da sauran biyun. Farin sifirit na tsinka fentin mai, wanda ba shi ne sifirit na kemis ba, yana narkar da enamel, amma ba ya taɓa akirilik da ya bushe sosai. Ruwa kuwa ba ya cin kowa.

Daga nan dokar ta fito da kanta. Mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama, kuma abin da za ka yi datti da shi ya zama daga gidan da ba na fentin da ke ƙarƙashinsa ba. In jikin tankar akirilik ne, dattin ya zama na mai, don ka samu damar goge shi da gyara shi ba tare da koren ya motsa ba. Tinar da ka saya, in irin ta masu fentin mota ce, an yi ta ne don ta narkar da laka, kuma tana narkar da irin wannan robar kanta. Ka zuba ta a kan koren ka ga ya tafi, ta gangara cikin mahaɗar hannun taya, inda roba take a matse kuma gam ya riga ya raunana ta, sai ta tsage. Wannan tinar wankin kayan aiki kawai za ta yi maka. Fetur ma haka, ka nisanta shi da teburinka gaba ɗaya. Ko shi farin sifirit ɗin, in ka bar shi ya yi tafki a mahaɗa yana sa roba ta yi gautsi, don haka ɗan kaɗan ake ɗiba.

Ka nemi cokulan roba farare irin na abincin sayarwa, ka tara. Duk wani sabon fenti ko sinadari, a bayan cokali za ka fara gwada shi, da jerin da za ka bi a kan tankar: faraima, kore, banish, datti. Abin da cokali ya jure tanka za ta jure. Kuma duk wannan aiki a inda iska ke wucewa, nesa da risho da yara, da takunkumi a hanci lokacin feshi. Wannan ba wasa ba ne, ƙirjinka ya fi tanka.

Bindigar feshi ko burushi

Bindigar feshi tana da daɗin aiki, ba zan ɓoye maka ba. Ita ce ke ba ka gefen launi mai laushi da ƙura mai kwanciya wadda burushi ba zai iya ba. In Allah ya hore ka saya, ka nemi kwamfuresa mai tanki da matarar ruwa, don tanki yana ba ka ɗan sarari in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ka yi feshi a matsin 15 zuwa 20 na ma'aunin PSI, ka tsinka fentin har ya yi ruwa-ruwa kamar madarar gwangwani da aka sirka. A zafinmu ka ƙara tsinkawa fiye da yadda ake faɗa a bidiyo, ka matso kusa, don ita ma tana yin kaushin nan, har bakin allurarta ya riƙa toshewa.

Amma T-55 mai launi ɗaya ba ta buƙatarta. Gwangwani zai yi maka koren ƙasa, sauran aikin duk na burushi ne. In ma koren da burushi za ka shafa, ka samu mai faɗi mai laushi, ka tsinka fentin, ka ja hannu ɗaya ka wuce, kada ka dawo kan inda ka shafa sai ya bushe, zagaye na biyu kuma ka gitta na farko. Zagayen farko zai yi muni, haka yake ga kowa, a na uku yake haɗewa. Akirilik na ruwa a Kano yana bushewa a kan faranti kafin ka wanke burushi. Sai ka ɗauki roba mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso ko tishu, ka ɗora takardar gashin kek a kai, ka zuba fentin a kan takardar. Danshi yana ratsowa daga ƙasa ya riƙe shi awanni. Gilisarin ɗin da ake saya a kemis don shafawa da hunturu ma yana jinkirta bushewa, amma abin da bakin tsinken sakace ya ɗauko ya isa, in ya yi yawa fentin zai kwana yana danƙo.

Je ka kalli katafila tukuna

Yanzu ga inda nake ganin asalin matsalar take. Yawancin masu bidiyon da kake kallo a Turai suke, tankokin da suke yi kuma na yaƙin Turai ne, ƙasar ruwa da dusar ƙanƙara da baƙin taɓo. Tsatsar da ke gangarowa a jikin motocinsu da taɓo mai sheƙi da ke cike da tayoyinsu gaskiya ce a can. Ka ɗauko ta ka ɗora a kan tankar da ka yi niyyar ta zama ta Sahel, sai ido ya ƙi yarda, ko mai kallon bai san dalili ba. Sojan Nijeriya sun yi amfani da T-55, ƙasashen Afirka da dama ma haka, to kana da damar yin wadda ta yi rayuwa a irin ƙasarmu, kuma abin koyinka yana bakin titi.

Ka tsaya inda ake aikin hanya ka kalli katafila na minti goma. Ka leƙa Dawanau ka ga tirelolin da suka kwaso hatsi daga nesa, ko tifofin yashi, ko tsofaffin motocin da ke jibge a garejin makanikai wajen Ƙofar Ruwa. Ka ɗauki hoto da wayarka bayan ka nemi izinin masu wurin. Abin da za ka gani zai ba ka mamaki. Tsatsa kaɗan ce ƙwarai a jikin abin da ke aiki, sai a salansa da wurin da aka yi walda aka bar shi tsirara. Abin da ya yi yawa shi ne koɗewa: rana ta cinye launin saman, rufin da bonet sun yi haske sun rasa sheƙi, gefen da ke tsaye kuma ya riƙe launinsa. Sai ƙura, kuma ita ma iri biyu ce. Akwai jar ƙasar marmara da taya ke tayarwa, tana manne a ƙasa, tana raguwa in ka hau sama. Akwai kuma farar ƙurar hunturu mai laushi wadda iska ke kwasowa daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ita daga sama take sauka, ta kwanta a kan duk abin da ke shimfiɗe, ta taru a lungu da gindin noti. Inda hannu da takalmi ke taɓawa kullum babu ƙura, wurin ma ya fi duhu da santsi. Inda gas ko baƙin mai ya zuba kuwa ƙura ta sha shi ta zama baƙin tabo mai kauri, gefensa a yaɗe. Sarƙar katafilar, dubi fuskarta da ke taka ƙasa da haƙoran da ke gogar taya: fes suke, ƙarfe ne mai ƙyalli, don gurza ba ta barin tsatsa ta zauna.

In ka ga wannan da idonka, kowane tabo da za ka sa sai ka tambayi kanka me ya kawo shi nan. In babu amsa, kada ka sa.

Yadda nake bi da irin taka

Bayan faraima da kore, nakan haɗa koren da ɗan rawaya-rawaya mai haske, irin Tamiya XF-57, in shafa shi a tsinke a tsakiyar wuraren da ke kallon sama: rufin kan da ke juyawa, murafen shiga, saman injin, saman madigadi. Fari zalla ba ya yi, yana mayar da kore toka. Bambancin ya ɗan wuce yadda kake so, don abin da zai biyo baya zai rage shi.

Daga nan banish mai sheƙi na akirilik, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. A zafinmu fenti yana bushewa a taɓi cikin minti kaɗan, amma cikinsa bai ƙanƙame ba, kuma wannan ruɗin ne ke sa mutane gaggawa. Sheƙin yana da aiki biyu. Sitikar ruwa, wato lambobi da alamun da ke cikin kwalin, in ta hau fenti mara sheƙi iska takan maƙale a ƙarƙashinta ta yi fari-fari a gefe, a kan sheƙi kuwa tana kwanciya lif. Na biyu, ruwan duhun da za ka sa yana gudu a kan sheƙi ya bi layi, a kan kaushi kuwa yaɗuwa yake ya ɓata ko'ina.

Ruwan duhun nan shi ne ka so yi da baƙin fenti da tina. Ka nemi fentin mai na masu zane a shagon kayan zane, ruwan ƙasa mai duhu, wanda aka rubuta Burnt Umber a jikinsa. Baƙi zalla ya yi tsauri a kan kore. Ka matso kaɗan a kan guntun kwali ka bar shi rabin awa kwalin ya tsotse man, wannan yana sa ya bushe da wuri kuma ba sheƙi. Ka tsinka shi da farin sifirit sosai. Ka ɗauki siririn burushi, ka taɓa bakinsa a gindin noti ɗaya, ka ɗaga. Za ka ga ruwan ya zagaye notin da kansa ya tsaya. Ka taɓa farkon layin murfin injin, ya ruga har ƙarshe. Haka za ka bi tankar lungu-lungu, ba a yi mata wanka da shi. Bayan minti ashirin ka jiƙa wani burushi da farin sifirit, ka matse shi a tishu har ya kusa bushewa, ka share inda ya fita daga layi, kana ja daga sama zuwa ƙasa. Wannan matakin kaɗai in ya yi kyau, tankar ta riga ta yi nauyin ƙarfe a ido.

Ɓarewar fenti da soson katifa ake yi. Ka yago ɗan guntu da yatsa don bakinsa ya zama ba daidai ba, ka riƙe shi da hantsaki, ka tsoma a ruwan ƙasa mai duhu, ka daddanna a takarda har sai ya kusa daina fitar da komai, sannan ka taɓa gefen murafen shiga, kusurwar madigadi, da inda sojoji ke takawa su hau. Ka tuna lissafin ma'auni. In kana iya hango ɓarewar daga ƙofar ɗaki, ta yi girma. Akwai dabarar fesa man gyaran gashi a tsakanin launi biyu sannan a kankare na sama da ruwa, tana da kyau, amma sai da bindigar feshi take fitowa daidai, ka bar ta zuwa gaba.

Sai banish mara sheƙi, sannan ƙura a ƙarshe, domin banish yana haɗiye ƙura in ya hau kanta. Garin launi na musamman da ake sayarwa yana da wuyar samu a nan, kuma ba dole ba ne. Allin zane mai launi, busasshe ba mai maiƙo ba, ka goga shi a sanfefa ka samu gari. Ka haɗa kala biyu: ja-ja mai ruwan ƙasa don ƙasan tankar, da fari mai ɗan rawaya don sama. Ƙasar gaske ma tana yi a tayoyi da sarƙa in ka tankaɗe ta da rariyar shayi sannan ka sake tacewa da tsohuwar safa, amma a saman tankar ƙwayarta ta yi girma. Ka ɗora jan garin a tayoyi da ƙasan gangar jiki da busasshen burushi, ka ɗiga farin sifirit a gefensa ya ratsa ya kama shi. Zai yi duhu ka ɗauka ya ɓace, ka jira ya bushe, zai dawo. Farar ƙurar kuwa kaɗan, a lungunan sama, sannan ka goge tsakiyar wuraren da yatsa ko auduga.

T-55 tana ba ka wuraren da za ka ba da labari ba tare da ƙari ba. Salansarta a gefen hagu take, a kan madigadi, injinta kuma na gas ne, to nan ne baƙin hayaƙi zai zauna, da ɗan tsatsa a bakin. Tankunan mai suna kan madigadin dama, ga gangunan mai a baya in ka sa su, sai ka ja siririn layin ruwan ƙasa mai ɗan sheƙi daga murfi zuwa ƙasa, a ɗaya ko biyu kawai, kada duka. Tayoyinta biyar ne kowane gefe, da tazara tsakanin ta farko da ta biyu, kuma bakinsu roba ce, ka yi shi da toka mai duhu don baƙi wuluk ba ya kama da tayar da ta sha rana. A ƙarshe ka goga fensir mai laushi a fuskar sarƙa da haƙoran tayar da ke jan ta da gefen bindigar saman, ka murza da yatsa. Wannan ƙyallin ya fi kowane fentin azurfa kama da ƙarfe. In sarƙar kwalinka ta roba mai laushi ce, akirilik kaɗai za ka sa mata, fentin mai yakan ƙi bushewa a kan irinta.

Duk wannan hanyar motocin yaƙi ce da manyan motocin aiki. Jirgin sama yana son hannu mafi sauƙi ƙwarai, don ana wanke shi ana duba shi kullum, motar tsere mai sheƙi kuwa wani fanni ne na goge da sanfefa da man sheƙi, wanda ƙurar Kano ke wahalar da shi fiye da komai. Kuma gwangwanin kasuwa, komai iyawarka, ba zai ba ka ainihin koren da ke cikin takardar kwalin ba. A tankar da za ta koɗe ta sha ƙura wannan ba ya damuna, amma in kana son launi na daidai sai ka yi odar fentin da aka yi don aikin.

Ta farkon fa

Kada ka yar da ita. Hannun tayar da ya karye, ka huda ɓangarorin biyu da allura mai zafi ko siririn abin huji, ka sa guntun waya a tsakiya, ka ɗiga sufa gulu. Fentin da ka shafa da burushi, in akirilik ne, sifirit na kemis da tsohon burushin haƙori za su cire shi. Na gwangwanin ya fi taurin kai, sai ka bi wuraren da ke shimfiɗe da jiƙaƙƙiyar sanfefa mai lamba 1000 har kaushin ya kwanta, ka sake faraima. Ba za ta dawo sabuwa ba, inda tina ta ci ya ciwu, amma ta zama filin gwajinka. Ka raba ta biyu, gefen hagu ka gwada ruwan duhu, gefen dama ka gwada ƙura, ka ɗauki hoto a hasken rana ka kwatanta da hoton katafilar da ka ɗauko. Kowane mataki ka yi shi a kanta kwana ɗaya kafin ka yi a kan sabuwar.

Kwali na biyu kuwa ka buɗe shi. Ka bar tayoyi da sarƙa da kan da ke juyawa ba a manne ba har sai an gama fenti, don burushi ya samu shiga ƙarƙashin madigadi. Bayan ruwan duhu ka ajiye ta kwana biyu ka riƙa kallonta kafin ka yanke shawarar yawan ƙurar da take buƙata, kuma in ka zo sa ƙurar ka fara da rabin abin da zuciyarka ta raya maka. In ka kai nan ka turo mini hotonta ta gefen hagu, ina son in ga yadda ka yi da salansar.